Goruba da Fitila

Kakana Malam Jumare ne ladan a Kwarbai.
Ba shi da agogo, sai sanda kafe a ƙofar zaure.
Da tafin ƙafa yake auna inuwa,
in ta karkata gabas ya ce zawali ya yi.
Shekara arba'in rana ba ta saɓa masa ba.

Na dawo daga makaranta da zance a baki:
"Kaka, ashe ba rana ke kewaya mu ba,
mu ne ke kewaya ta, har Kufena, har ganuwa."
Zaure ya yi tsit. Liman ya ajiye buta.
"Wa ya koya miki?"
"Malam Yero."

Washegari ya zo a kan keke, da alli a hannun riga.
Suka ce, in ƙasa gudu take,
me ya hana ruwan randa zubewa?
Yaya shirwa ke tashi ta dawo
ta tarar da rimi inda ta bar shi?
Ya dubi tabarma, ya tuna bakunan da ke jiransa a gida,
ya ce tuntuɓen harshe ne.
Aka shafa fatiha.
Na ga ƙafarsa ta kuskure feda sau biyu.

Kaka bai ce uffan ba.
Bayan lisha ya kira ni,
ya dasa fitilar ƙwai a tsakar ɗaki,
ya soka wa goruba tsinke.
"Nuna min."
Na murza ta a hankali ina kewaya wutar.
Inuwar tsinken ta miƙe, ta gajarce, ta karkata,
sak ta sandarsa.
"Sake."
Na sake, har kananzir ya yi ƙasa.

"Wato ba faɗuwa take ba," in ji shi,
"mu ne ke juya mata baya."
Ya daɗe yana jan gemu.
"Wanda ya iya tafiyar da rana,
ƙasa ba za ta yi masa nauyi ba.
Amma kada ki kai wannan zaure."

Da asuba, Gamzaki na bisa Madarkaci,
ya kira salla yadda ya saba.

Ranar da ya rasu, muna naɗe kayansa,
gorubar ta faɗo daga aljihu,
ta gangara,
da tsinkenta a jiki.