Ƙariya a Saman Soro

A bakin titin Gadon Ƙaya, gab da kwata,
Baba Cindo ke jera shuke-shukensa
cikin baƙaƙen ledoji da gwangwanayen madara.
Can gefe na hango ta, tsirara,
ba ganye ko ɗaya, gindi ya kumbura kamar tulu,
amma kanta duk fure, bakin ja, maƙogwaron fari.
Na ce, "Baba, wannan fa?"
Ya ce, "Ƙariya."

Na ce ai na san karin maganar.
Ya ce, "Kowa ya sani,
shi ya sa ba mai tsayawa ya duba."
Na biya, ina dariya.

Na hau da ita soronmu a Mandawari.
Safe ruwa, yamma ruwa, kamar mai renon jinjiri.
Kafin Agusta ya fita gindin ya yi lugub,
na danna yatsa, ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda.
Na koma wurinsa da tukunya wayam, da kunya.

Bai yi faɗa ba.
Ya shimfiɗa tsingaro a ƙasan tukunya,
yashin rafi tafi biyu, garin gawayi, ɗan busasshen taki.
"Wannan ba alayyafo ba ce.
Rijiyarta na cikinta.
In ƙasa ta bushe ƙayau, ƙara kwana uku, sannan ka zuba.
In ka yanki reshe, bar shi a inuwa mako guda
sai bakin ciwon ya ƙame.
Ruwan jikin nan kuwa, kar ya je ido, kar akuya ta lasa,
da shi maharba ke shafa kibiya.

"Reshe yana kamawa, amma ba ya yin tulu.
Mai tulu sai daga iri."
Na ce, "Iri?"
Ya zaro silin gashin jelar saniya daga hularsa,
ya zura a furen wannan, ya juya,
ya kai furen waccan.
"Ƙwaron da ke mata wannan aikin ya yi wuya a birni.
Sayi biyu. Ba ta haihuwa ita ɗaya."

Bazara ta zo ta wuce. Wata ma haka.
Furanni na faɗuwa, ina sharewa.
Lantana, in ta hau shanya a soronsu,
sai ta leƙo: "Malam, har yanzu dai furen?"
In ce mata har yanzu,
in ci gaba da tsintsiya.

A ta uku, ranar wata Talata,
sai ga kore biyu sun ɓullo, baya da baya,
kamar ƙahon ɗan akuya.
Na roƙo zare wurin Ilu tela na naɗe su,
wata biyu ina hawa ina sauka.
Ɗaya ya kuɓuce wa zaren, ya tsage da hantsi,
'ya'yan suka tashi, kowane da tuntu gaba da baya,
suka bi ta kan eriyoyi, suka nufi Dala.
Ɗayan na kwance shi cikin kwarya.

Arba'in da ɗaya na ƙirga, kamar guntayen ashana.
Na kwantar da su kan yashi, ban binne ba sosai.
Sha bakwai suka fito cikin mako,
kowace da ɗan tumbinta tun ranar farko,
ba wadda ta kai girman gujiya.

Na ɗauki biyu, na tari adaidaita.
Wurin Baba Cindo an zuba siminti,
shagunan waya sun tsaya inda ledojin suke.
Mai facin taya ya ce tun bara ya koma Ƙiru,
ƙafa ta matsa masa, bai bar lamba ba.
Na ajiye ɗaya kusa da bahon facinsa,
na ce kar ya ga ruwa kusa ya riƙa zuba mata.
Ɗayar na dawo da ita.

Da la'asar na miƙa wa Lantana ta kan katanga.
Ta juya gwangwanin, ta shafa ɗan tumbin da yatsa,
ta daɗe ba ta ce komai ba,
sannan ta tambayi inda ake samun yashin rafi
da gashin jelar saniya.