Ƙofar Kicin

Daren Talata ƙasa ta yi miƙa.
Ba wata babba ba, kofuna dai suka yi ƙara a kan kanta,
kyanwa ta faɗa ƙarƙashin gado.
Da safe na tura ƙofar kicin, ta turo ni.

Haka Valparaíso take.
Gidajenmu na kwano sun maƙale a jikin tudu
kamar kaska a kunnen kare,
shuɗi, rawaya, kore mai koɗewa,
teku a ƙasa tana jiran wanda zai zame.
Duk sanda ƙasa ta gyara kwanciya
sai wani abu a gida ya manta wurinsa.

Hermógenes maƙwabci ya leƙo ta taga:
"Eulalia, kira kafinta mana."
Na ce kafinta da kuɗin fanshona ba sa ga maciji.

Akwatin Clodomiro yana bayan tukunyar gas,
shekara huɗu ban ɗaga murfinsa ba.
Ga guduma, an ɗaure ƙotarta da waya,
ga zarto mai giɓi biyu kamar mai shi,
ga ƙusoshi a gwangwanin madara,
tsofaffi, ya miƙe su ɗaya bayan ɗaya
don bai taɓa yarda ƙusa tana mutuwa ba.
Da guntun fensir, shaidar haƙoransa a jiki.

Jikata Fresia ta riƙe, ni na hau kwance hinji.
Notin sama ya fito da ladabi.
Na ƙasa sai da na ba shi man girki, na zage shi,
na sake ba shi man.
Muka kwantar da ƙofar a kan kujeru biyu
kamar marar lafiya.

A nan na gani, a gindinta, inda ido ba ya zuwa:
rubutun fensir, layi uku,
kowanne wata da shekara.
Ashe sau uku yana rage mata tsawo
ina kasuwar kifi ko ina barcin rana,
ina ta yabon ƙofa mai hankali
ban san da hannun da ke bin bayanta ba.
A gefen layin ƙarshe ya ƙara: kaɗan kawai.

Shekara arba'in da ɗaya ban ji maganarsa ba,
yau zan fara?
Zarto ya kama hanya, na bi shi.
Garin katako ya rufe min silifas.
Fresia tana cewa kaka ya isa, kaka layin ya karkace,
ni kuwa daɗin yanka ya ɗebe ni.

Muka rataya ta. Ta rufu shiru, ko tari ba ta yi ba.
Sai dai ga rata a ƙasa, yatsu biyu cur.
Iskar teku ta shigo ba sallama
ta ɗaga gefen kalanda,
kyanwa ta zuro hannu tana lalube.
Fresia ta yi dariya har ta zauna daɓas.
Garin neman gira.

Na shiga ɗaki, na buɗe durowar da ba na buɗewa,
na ɗauko bel ɗinsa na fata, mai faɗin nan,
wanda ya ƙara wa huji biyu a shekarar ciwo.
Na yanke kan ƙarfen.
Ƙusa tara na buga, cikin nasa miƙaƙƙu,
biyu suka sake lanƙwashewa,
ɗaya ta rama a kan babban yatsana.

Yanzu in ta buɗe tana shafar ƙasa a hankali,
irin jan ƙafar mutum da ya tashi shan ruwa da dare.
Iska ta tsaya a waje.

Kafin duhu na durƙusa da fensir.
Gindin ya tafi da zarto, da layukansa uku,
na ajiye guntun a cikin akwati.
Na rubuta nawa a gefen hinji: wata, shekara,
sannan na ƙara: ya yi yawa.

Farcen zai yi baƙi, na sani.
Famfon banɗaki ma tun Ista yake ɗiga.
Na ga filaya a ƙasan akwatin.