Ɗigo Bakwai da Suka Ƙi Shiga Layi

Shekara talatin da ɗaya ina ɗura ruwan sanyi
a tulunan ƙarfe na ɗakin gwaji,
ruwan da ke tafasa ba wuta,
in ya taɓa yatsa ya harba kamar kunama.
Ba ni da digiri. Mabuɗai gare ni, guda tara.

Yau Alhamis an kwashe kujerun zauren ƙasa,
yaran sun kakkafa allunansu.
Ta taga, duwatsun Grenoble sun yafa farin mayafi,
kogin Isère na wucewa bai gai da kowa ba.
Cuku, burodi, kofunan takarda,
da ƙusoshin manna fosta, waɗanda ba su taɓa isa ba.

Maëlle ce ta fara.
Wata goma sha huɗu tana lallashin furotin ɗaya ya daskare,
ɗigo dubu biyu a farantai, duk tsululu.
Ran da ta manta murfi a buɗe ta tafi jana'izar kakarta,
ta dawo ta tarar da shi kwance,
siririn lu'ulu'u, bai kai gashin ido ba.
Haka ta faɗa gaban farfesoshi, ba ta ɓoye zancen murfin ba.
Wani ya yi dariya, wani ya rubuta.
Ni na ga murfin nan ranar Asabar.
Na miƙa hannu, na fasa. Ban gaya wa kowa ba.

Aurélien, murya na rawa kamar mazari,
hotonsa baƙaƙen ɗigo ne a kan fari,
sai ka ce an watsa riɗi a faifai,
amma riɗin nan kowanne ya san mazauninsa.
Ya ce: haske ke shiga ƙwayar ya fito a tarwatse,
daga tarwatsewar muke lissafa gidan,
ina ginshiƙi, ina ƙofa, wa ke maƙwabtaka da wa.
Maharba ne mu da ba mu taɓa ganin naman ba,
sawu kawai muke aunawa.

Can lungu, kusa da ƙofar banɗaki,
inda ake ajiye wanda ba a sa rai da shi,
Ilinca ce, 'yar Cluj, shekararta ta farko.
Fostarta ba amsa.
Ɗigo bakwai sun ƙi shiga layi,
ta zagaye su da jan biro, ta rubuta a ƙasa: ban gane ba.
Ana ta wuce ta da kofi a hannu.

Sai Thibault, mai nazarin gishirin batir,
wanda bai san kan maganin da take bincike ba,
ya tsaya, ya karkata kai, ya ƙara karkatawa,
ya ce: ai tagwaye ne.
Ƙwaya biyu suka manne, baya da baya,
kowacce na maganarta, ke kina zaton baki ɗaya ne.
Tawa ta yi min haka bara,
na yi wata uku ina zagin na'ura.

Ko na gode ba ta ce ba.
Ta fizge biron hannunsa, suka durƙusa a daɓe,
takardar da aka naɗo cuku ta zama allo,
lissafi na bi ta gefen maiƙo.
Maëlle ta zo ta leƙa, Aurélien ya riƙe musu fitilar waya,
rawar muryarsa ta tafi.

Ƙarfe tara nake rufewa, haka doka ta ce.
Manya sun daɗe da tafiya cin abinci a gari.
Jirgin titi na ya wuce, na ji ƙararrawarsa,
matata za ta sake ɗumama miya.
Na ciro mabuɗi na huɗu, na juya shi a tafin hannu.
Gobe da shida na safe yarinyar ke da layin haske,
za ta nemi sanyi, tulu biyu, wataƙila uku.
Na zauna a kan matakala,
na ci guntun burodin da suka bari.