Huhun Coci

Kakana Traugott bai iya kiɗa ba.
A bayan ogan yake tsayawa, inda ba mai ganinsa,
yana taka zuga-zugi, hagu, dama,
shekara arba'in da ɗaya,
kamar mai hawan tsanin da ba ya kai shi ko'ina.
Depner makaɗi na gaba yana shan yabo,
shi kuwa gumi ne ladansa.
Yakan ce: in na yi tari, waƙa ta yi tari.

An ce wani gwani daga Sibiu ya haɗa shi,
ya zo da amalanken shanu uku,
ya ci hunturu biyu a ɗakin limamin coci,
aka biya shi rabi azurfa, rabi alkama.
Ya rubuta sunansa da gawayi cikin akwatin iska,
ɓera ya bar mana harafi huɗu.

Bututu ɗari shida da ashirin.
Babbansu ya fi ƙofar coci tsawo,
ba a kunne ake jin sa ba, a haƙarƙari ne.
Autansu bai kai ɗan yatsana ba,
kuma duk ya fi su tsiwa.

Shekarar yaƙi sojoji suka zo da takarda,
suka kwance na gaba, masu ƙyallin kuza,
aka kai su inda ake zuba harsashi.
Ya zauna da giɓi, tsoho wawulo,
mata suka rufa masa asiri da shuɗin labule,
ya ci gaba da waƙa da na ciki, na katako.

Yau mu bakwai muka rage a ƙauyen,
saura sun ɗaure kaya sun yi Jamus.
Jemage ya tare a babban bututu,
sanyi ya tsattsage fatar tunkiya,
madanni na sha ɗaya in ya sauka ba ya tashi.

Lahadin da ta wuce na hau ni kaɗai.
Na sa ƙafa a gurbin da ƙafar kakana ta sassaƙa,
na taka har huhun ya cika,
na zagayo da gudu, gwiwa tana ƙara,
na danna.

Murya uku na samu, da ƙura,
kafin numfashinsa ya ƙare.
Na koma baya na sake takawa.