Ɗakin Taswira a Gorizia

Ƙarfe bakwai nake buɗe ɗakin taswira,
kafin Farfesa Furlan ya hau bene da tarinsa,
kafin ɗalibai su jingine kekuna a jikin katanga.
Ni ce Zdenka, mai riƙon makulli.
Shekara ashirin da shida ina kakkaɓe Turai da tsumma,
na san inda ta yage,
na san inda aka liƙe ta da gam.

A saman ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe:
Cibiyar Nazarin Al'amuran Turai da Hulɗar Ƙasashe.
Sunan ya fi ginin tsawo.
Ciki ɗaki tara ne, da injin kofi mai taurin kai
wanda sai an mare shi yake tsiyaya.

Ranar Laraba ake zaman muhawara.
Baƙi su zo da jakunkuna masu taya,
su kewaye tebur, kowa da kwalbar ruwansa,
a ɗauko kalma guda, iyaka,
a yi ta juya ta har ta ƙone ta gefe biyu.
Wani ya ce tabo ce. Wata ta ce ɗinki ce.
Tullio, wanda bai taɓa ganin soja a bakin shinge ba,
ya ce ai ta mutu, saura a rubuta ta'aziyya.
Na jera musu kofuna, na haɗiye tawa.

Kakata Milka ba ta taɓa ƙaura ba.
Gado ɗaya, murhu ɗaya, itacen ɓaure ɗaya a bayan gida,
amma tuta huɗu ta kwana a ƙarƙashinsu.
Aka yi mata suna da harshe ɗaya,
aka ɗaura mata aure da wani,
wata safiya kuma sojoji suka zo da bokitin farin fenti,
suka ja layi tsakanin ɗakin girki da turken saniya.
Daga ranar madara ta zama kayan fasa-ƙwauri.
Takan ce: ni ban je ko'ina ba,
ƙasashe ne ke zuwar mini baƙunta,
su ci, su sha, su tafi ba sallama.

Bayan taro Tullio ya sauko wurina,
yana son taswirar shekarar da aka raba garin.
Na zaro ta daga aljihun tebur na sha ɗaya,
na shimfiɗa, na danne kusurwoyi da duwatsun kogi.
Ya sunkuya da gilashin ƙara girma,
ya ce, kai, layin nan siriri ne kamar zare.
Na ce, auna shi.
In ka sauke kaurinsa ƙasa, ya kai taku arba'in.
Ya tambaya ta wane ɓangare gidanmu yake.
Na ɗora farce a kan layin.
Na ce, ƙarƙashin tawadar.

Bai ce komai ba.
Ya daɗe yana kallon farcena,
sannan ya ciro biro ya soke wani abu a takardarsa.
Ban leƙa ba.

Da yamma nakan hau keke in ratsa dandalin tashar jirgi.
Babu shinge yanzu, sai faranti na ƙarfe a ƙasa,
yara na tsalle a kansa, ƙafa nan, ƙafa can.
Wayata ta yi ƙara, tana mini maraba da zuwa wata ƙasa,
ni da zan je ɗumama miyar jiya.

Takardar izinin wucewa ta Milka tana nan a jakata,
ta yi laushi kamar tsohon ganye,
hatimi ya cinye rabin fuskarta.
Furlan ya roƙe ni ita, a sa a gilashi, a rubuta bayani.
Na ce a bari tukuna.
Wanda maciji ya taɓa sara
ko tsumma ya gani sai ya ɗaga ƙafa.
Gobe ma ƙarfe bakwai zan buɗe,
injin kofi na jiran marinsa.