Ni da Na Saba Mutuwa

Thenmozhi ce ta sayi tikiti da kuɗin saƙarta,
ta ce, "Kaka, zo ka ga yadda aka yi da labarinka."
Muka hau bas daga Cheyyar zuwa Arani,
gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure.

A bakin silima samari sun hau tsani
suna kwarara madara a kan hoton jarumi,
hoton da ya kere bishiyar kwakwa.
Na tsaya lissafin yaran da za ta ƙosar,
jikata ta ja ni ciki.

Shekara arba'in da ɗaya ni ne babban 'ya'ya ɗari.
In an kai shinkafa gida, rana ta yi zafi,
sai in shafe fuska da ja da baƙi,
in ɗaura kafaɗun katako masu madubai,
kambi a ka, ya fi turmi nauyi,
in yi ta taka ƙasa dare bayan dare
har ranar da ƙauye zai gina ni da laka,
kwance, ƙato, baki buɗe,
a zo a fasa mini cinya.

To, ga ni yau a farin bango.
Sun sa mini farar riga da agogon zinare,
manyan motoci ɗari na kwashe yashin kogi.
'Yan'uwan nan biyar kuwa,
ɗaya lauya, ɗaya direba, ɗaya mai gyaran waya,
tagwayen ban gane sana'arsu ba.
Cacar da aka ci ƙasa da ita
ta koma sa hannu a ofis mai sanyi.
Matar da na sa aka jawo ta gashi zuwa fada,
hotonta aka watsa a wayoyin mutane.
Nan kam na sunkuyar da kai.
A wannan, sun fi mu sanin inda ke ciwo.

Amma mutuwar fa!
Ni tun asuba nake farawa.
In kira uwata mai ɗaure da ido,
in kira aminina da aka haifa aka yar a kogi,
in ƙirga ƙannena ɗaya-ɗaya, casa'in da tara,
mai ganga na jira na, mai sarewa na jira na,
matan da suka kwana suna tsine mini
su soma goge ido da bakin sari.
Sai rana ta take tsaka nake sakin rai.

Shi wannan, bayan wani gidan mai,
ƙarfen taya ɗaya a cinya,
ya zube cikin ruwan saman haya.
Minti biyu. Na duba agogon Thenmozhi.
Aka kaure da fito, aka watsa takardu sama.
Ko uwarsa bai samu ya kira ba.

Ban san na kira masa ita ba
sai da wani ya ce, "Tsoho, yi mana shiru."

Da fitilu suka dawo,
wata dattijuwa a layin gaba ta juyo,
ta daɗe tana karanta fuskata.
"Kanniyappan? Ba kai ne ka mutu a garinmu ba
shekarar da rijiyoyi suka ƙafe?"
Na ce ni ne.
Ta kwance bakin sarinta, ta zaro rufi goma,
ta cire fil daga wuyan rigarta
ta maƙala mini a ƙirji, kamar dā.

A bas Thenmozhi ta ce, "Ya yi kyau?"
Na ce waƙoƙin sun yi yawa.
Muka haye gada, kogin duk ramuka,
babu ruwa, yashin ma saura kaɗan.
Na dafe cinyar nan da ba a taɓa duka da gaske ba,
tana ta zogi har gida.