Bakwai Cikin Sha Shida

Toledo, daren Lahadi.
Dusar ƙanƙara ta binne motar maƙwabci har madubi,
takardu sittin da uku sun binne min teburin cin abinci.
Shayi ya huce. Jan biro ya riga ni gajiya.

Hukumar makaranta ta ba mu mudu mai gida huɗu:
jigo, hujja, tsari, kammalawa,
kowane gida maki huɗu.
A cika, a shafe baki,
ba a yarda da gyara ba.

Abin da na ce wa 'yan aji bakwai kuwa:
ku bayyana yadda wani abu yake aiki.
Ban ce labari ba, ban ce ra'ayi ba. Bayani.

Colton ya kawo injin yankan ciyawa,
sakin layi biyar cif kamar yatsun hannu,
da farko, bayan haka, daga ƙarshe,
miya ta ji komai sai gishiri.
Sha shida. Mudu ya ce haka, ban yi musu ba.

Marisol ta kawo ƙudan zuma da sarauniyarsu,
kalmomin sun fi bakinta girma.
Na rubuta mata a gefe da turancin da zai ɗauka
cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sai ta Tyrell.
Shafi ɗaya da rabi, da fensir,
tabon maiƙo a kusurwa,
wasu haruffan a kwance kamar an ture su.

"Injin Kaka yana jan iskar ɗaki,
ya tace, ya riƙe mai kyau, ya saki sauran.
In fitila kore ce, ba komai.
In ta koma ruwan ɗorawa, a bi tiyo da hannu,
wataƙila kyanwa ce ta kwanta a kai.
In ta yi ja yana kuka,
a tayar da Kaka zaune tukuna,
a jawo tukunyar da ke bayan ƙofa,
a murɗa zuwa biyu. Ba uku ba. Biyu.
Da dare ina ƙirga numfashinsa
don in san nata."

Nan ya tsaya.
Ko ɗigon aya bai ƙara ba.

Na ɗora shi a mudu.
Jigo: bai faɗe shi a layin farko ba, biyu.
Hujja: bai ambaci littafi ko ɗaya ba, biyu.
Tsari: uku, don kore ta riga ja.
Kammalawa: gidan a buɗe yake, babu kowa.
Bakwai.

Na sake ƙirgawa da yatsu
kamar mai canji da ke zargin kansa.
Bakwai ɗin dai.

Amma da za a kulle ni yau a ɗakin tsohuwar nan,
fitila ta yi ja, ba kowa a gida,
takardar wa zan lalubo a aljihu?
Cikin sittin da uku, ita kaɗai ta koya min
abin da hannuna zai iya yi.

Yaron nan ne mai kifa kai a darasin farko.
Sau biyu na tura shi ofis saboda barci,
sau ɗaya na ce masa a gaban aji
makaranta ba gadon gidansu ba ce.
Ashe mai gadi na kora don ya yi gyangyaɗi da safe.

Ban ƙara masa maki ba.
In na yi wa mudu ƙarya yau,
gobe a jarrabawar jiha wani zai auna shi
wanda bai san sunan kyanwar ba.
Ni ma ban sani ba, sai na tambaya.

Na ajiye jan biro, na ɗauki fensir irin nasa,
ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta:
"In wuta ta ɗauke fa, me ake yi?
Zo gobe bayan tashi ka faɗa min a hankali,
wannan shi ne sakin layin da ya rage."

Saura takarda arba'in da ɗaya.
Motar kwashe ƙanƙara ta wuce tana kankare titi.
Injin ɗumama ɗaki ya ja, ya saki, ya ja,
na kama kaina ina ƙirgawa.